Layin Kurame a Jadawalin Malam

Shekara talatin ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a nan Gumel. Ni ba marubuciya ba ce, koyarwa na yi a firamare har ƙarfi ya ƙare na dawo gida. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da na saba shi ne in sa a dafa abinci a raba, a yi masa addu'a, a watse. Bana dai na ga ya kamata in faɗi wani abu game da shi tun ina da sauran tunanina. Ba zan ambaci sunansa ba. Tun yana raye Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama, a haka za mu tafi.

Jikata Nafisa ce ta tayar mini da wannan zance ba da saninta ba. Ta zo mana hutun Sallah da kwamfutarta, amma ko hutun ba ta yi ba, kullum da hantsi tana barandar tsakar gida tana latse-latse. Rannan na zauna kusa da ita ina tsince wake, na ce, "Wai ke wane irin aiki ne wannan da ba ya barin mutum ya ci naman Sallah cikin natsuwa?"

Ta yi dariya ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ta ce, "Hajiya, in an gwada sabon magani a kan marasa lafiya, sai an rubuta rahoto. Ni ke haɗa jadawalin da ke cikin rahoton. Ga rukunin da aka ba wannan magani, ga na wancan. Maza nawa, mata nawa, matsakaicin shekarunsu, wa ya warke, wa maganin ya ba matsala. Umarni kawai nake rubuta wa manhaja, ita ke ƙirgawa."

Ta danna wani abu, kafin in ajiye farantin da ke hannuna jadawali ya fito, layi bisa layi, tsaf. Na daɗe ina kallonsa. Na ce mata, "Ai wannan aikin kakanki ne." Ta san ya yi aiki a asibiti, amma ba ta san wane aiki ba, don ba ta riske shi ba. Ba ta kuma san mahaifiyarta ta taɓa zama ɗaya daga cikin mutanen da ake ƙirgawa a irin wannan jadawali ba.

Malam mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, ɗan manoma. Ya yi makarantar koyon aikin lafiya, amma ba a daɗe ba aka gane hannunsa ya fi kyau a lissafi fiye da allura, sai aka mayar da shi wajen adana bayanan marasa lafiya. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, mai son shayi ba madara. Ba shi da saurin fushi, ba shi kuma da saurin dariya. In ka tambaye shi abu bai sani ba, sai ya ce bai sani ba ya yi shiru, ko da kuwa shirun zai yi maka nauyi. Na sha jin haushin wannan hali a farkon aurenmu.

A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin muna cikin jihar Kano, aka yi wata bazara mai tsananin zafi, sanƙarau ya shigo. Waɗanda suka ga wannan zamani ba sai na yi musu bayani ba. Yaro yana wasa da safe, da azahar kai na ciwo, kafin la'asar wuya ya sandare. Daga Maigatari, daga Gagarawa, daga rugage, ana ta kawo mutane a kan jakuna da amalanke. Ɗakunan asibitin da Malam ke aiki suka cika, aka kafa rumfuna a ƙarƙashin bishiyoyi.

Maganin da aka saba da shi a lokacin allura ce da ake maimaitawa sau da yawa a yini, kwana da kwanaki, dole sai an kwantar da mutum. Wanda ke kusa da gari ya samu. Wanda ke nesa kuwa, sau da yawa a hanya ake juyawa da shi. Likitocin suna so su gane ko wata allura mai daɗewa a jiki, wadda za a yi sau ɗaya ko sau biyu, za ta yi aikin da waccan ke yi. In ta yi, to ko ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye zai iya ceton rai. Don haka suka raba marasa lafiya gida biyu. Ba likita ke zaɓa ba. Ambulan ne irin na wasiƙa a rufe a jere, kowanne da sunan allura a ciki, in an kawo mutum aka yi wa iyayensa bayani suka yarda, sai a buɗe na gaba, abin da ke ciki shi za a bi.

Malam ya sa ransa a kan wannan aiki fiye da yadda yake nunawa. Ƙaninsa da suke ciki ɗaya a kan amalanke ya cika, shekaru kafin haka, ana hanyar kawo shi gari. Bai cika maganar ba, amma na san da ita yake fita kullum da safe.

Aikinsa shi ne kati. Kowane marar lafiya yana da kati ɗaya mai kauri, an jera ƙananan ramuka a gefensa, kowane rami da abin da yake nufi: namiji ko mace, ƙarami ko babba, wace allura, ya warke, ya rasu, ya warke amma da saura. In abu ya tabbata, sai Malam ya sa almakashi ya yanke bakin ramin. In ana son a san mutum nawa ne abu kaza ya samu, sai a tara katunan a zura tsinke ta ramin a ɗaga, waɗanda aka yanke su zubo, a ƙirga. Tsinken da asibiti ya bayar ya lanƙwashe, sai ya karɓi tsinken saƙata, bai kuma dawo mini da shi ba. Ranar Asabar da yamma yakan zo da katunan gida, ya shimfiɗa tabarma, ya ƙirga, sannan ya miƙo mini ya ce, "Malama, ƙirga naki, kada ki gaya mini sai kin gama." In namu ya zo ɗaya ya rubuta da fensir a jadawalin da ya zana da rula. In ya saɓa mu sake daga farko. A lokacin ni katuna kawai nake gani.

'Yarmu ta fari tana da shekara shida. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari, don haka kunya ta zama biyu. Daga ni har shi ba mai kama sunanta, Uwani muke ce mata, shi kam ko Uwanin ba ya cika faɗa, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya wasa da ita. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba wanda ya ga aibun haka. Yarinya ce mai surutu, mai waƙe-waƙe, duk abin da ta ji a makaranta sai ta dawo ta rera wa kaji.

Wata ranar Talata ta dawo daga makaranta ta ce kanta na ciwo. Na jiƙa zane na lulluɓa mata. Da na zo ɗaga ta in ba ta ruwa, ta yi wata ƙara, na ga kanta ya ƙi sunkuyawa. Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba, na goya ta kamar jaririya na nufi asibiti.

Likitan da ke kula da aikin mutum ne mai sanyin hali, baƙo ne a ƙasarmu amma ya iya Hausa daidai gwargwado. Da ya duba ta ya tabbatar, sai ya ja Malam gefe, ina jin su. Ya ce, "Malam, 'yarka ce. In ka ce a bar ta daga cikin aikin nan, a yi mata wadda aka saba, ba wanda zai ga laifinka."

Malam ya ce, "Likita, ka san wadda ta fi?"

Ya ce, "Da na sani da ba mu buɗe ambulan ko ɗaya ba."

Malam ya juyo wurina. Ya ce, "Malama, kin ji. Ni da bakina nake gaya wa iyayen yara cewa ba a san wadda ta fi ba. Amma ke kika haife ta. Abin da kika ce shi za a yi."

Ban yi dogon tunani ba, yarinya na kwance tana nishi. Na ce a yi mata yadda ake yi wa 'ya'yan kowa. Aka buɗe ambulan, sabuwar allura ta fito.

Allah Ya yi da sauran kwananta. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, ta nemi koko. Muka dawo gida ana ta barka. Sai dai yarinyar da ta dawo ba mai surutun nan ba ce. Tana zaune tana bin bakin mutane da kallo. In ta yi magana sai ta ɗaga murya fiye da kima, ko ta yi ƙasa da ita har ba a ji. Na ce rashin ƙarfi ne. Maƙwabta suka ce haka ciwon yake, a hankali za ta dawo. Rannan ana daka a gidan, na ga ta waiwaya wajen turmi, na yi ta murna, na tari Malam tun daga zaure na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ƙasa ce ke motsi in ana daka. A ƙafarta ta ji." Ranar ban ƙara yi masa magana ba.

A ƙa'idar aikin, duk wanda ya warke sai an dawo da shi bayan wasu makonni an gwada jinsa da ganinsa da tafiyarsa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa a kai kusa da kunne. An gwada Uwani, likita ya rubuta abin da ya gani. Saura Malam ya yanke ramin da ke nufin kurumta a katinta. Lokaci kuma ya matso, don an shirya zai kai bayanan duka wata jami'a inda ake da na'ura mai lissafi, a fitar da jadawalin ƙarshe.

Na roƙe shi kada ya yanke. Na san ba almakashinsa ne zai toshe mata kunne ba, ni malamar makaranta ce. Amma a zuciyata gani nake muddin ramin nan yana nan a rufe, to maganar ba ta ƙare ba. Na ce ya jira wata ɗaya. Na ce akwai ramin waɗanda jinsu ya ragu kawai, ya sa ta a can. Ya ce, "In na sa ta inda ba nan take ba, na rage mutum ɗaya daga layin da ake son a san gaskiyarsa. Wani zai karanta ya yanke hukunci a kan 'ya'yan mutane." Na ce masa 'ya'yan mutane yake gani, ba ya ganin tasa. Daga baya na ji likita ya ce masa ya kawo katin a ba wani ya yanke, ya ce a'a, a dai ba shi zuwa jibi.

Washegari da safe, rana ta ɗan ɗaga, Uwani tana zaune a tsakar gida ta ba ƙofar ɗaki baya, tana jera 'ya'yan kanya a ƙasa. Ina bakin murhu. Malam ya fito da shirin fita aiki, sai ya tsaya a bayanta, taku kaɗan tsakaninsu. Ya tafa hannu. Ba ta motsa ba. Ya ɗauki murfin kwano ya buga da cokali, har kaji suka watse. Ta bi kajin da kallo, ta koma kan kanyarta. Ya ce, "Uwani." Ya ƙara da ƙarfi. Na ɗauka ya gama.

Sai na ji ya kira ta da sunanta na yanka, sunan mahaifiyarsa, wanda tun ranar suna ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya kira a hankali, kamar mai jin nauyin kalmar. Ya sake kira da dukan muryarsa, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Yarinya tana ta jera kanya.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zagaya ta gabanta ya tsuguna, ta ɗago ta yi masa murmushi ta miƙa masa kanya ɗaya. Ya karɓa ya sa a aljihu. Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar almakashi sau ɗaya. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce mini, "Sai na dawo." Ban ƙara roƙonsa ba.

Amma akwai tambayar da ta zauna mini a ƙirji. Ana gobe zai tafi na yi masa ita. Na ce, "Da ɗaya allurar aka yi mata, da yanzu tana ji?" Ya ce bai sani ba. Na ce to wa ya sani? Ya ce in ya dawo zai nuna mini abin da aka samu, ba zai ɓoye mini komai ba, ko da kuwa abin da zai hana mu barci ne mu duka.

A Gagarawa Tasha ya hau jirgin ƙasa, da akwatin katuna a kan cinyarsa, ya ƙi yarda a ɗora shi cikin kaya. Ya yi kusan mako biyu. Da ya dawo ya ba ni labarin na'urar: ɗaki guda ta cika, ɗakin da sanyi kamar randa, ba a shiga da takalmi. Sai an sake kwafe bayanan a kan wasu katuna masu huji, a haɗa da katunan umarni, a miƙa ta taga, a dawo gobe. In an yi kuskuren harafi ɗaya sai ta dawo maka da kayanka ba ta yi komai ba. Sau da dama tana dawo masa da su. Da ta yarda kuwa, ta fitar da doguwar takarda mai ninki, abin da muka yi watanni muna ƙirgawa a tabarma ta gama shi kafin a sha shayi. Ya ce abin da ya fara yi shi ne ya gwada da nasa na fensir. Sun zo ɗaya. A nan ne kawai na ga ya ɗan yi murmushi.

Ya shimfiɗa takardar a gabana bayan la'asar, ya sa yatsa a layin kurumta. Ya ce, "Duba nan, duba nan." Akwai kurame a rukunin sabuwar allura, akwai a rukunin tsohuwa, kuma ba wani nisa tsakaninsu. Haka layin waɗanda suka warke, haka na waɗanda suka rasu. Ya ce, "Abin da wannan ke cewa, ciwon ne ke cin kunne, ba a ga alamar allurar ce ba. Amma abin da kika tambaye ni a kan yarinyar nan ita kaɗai, jadawali ba ya amsa shi. Mutane da yawa yake gani, ba ya ganin mutum ɗaya. Ba zan ce miki na sani ba."

Ba amsar da nake so ba ce. Na so ya ce mini ko kusa, ba ruwan allura, in huta. Amma da shekaru suka tafi na gane da ya faɗi haka don ya lallashe ni, da na riƙa zarginsa a ɓoye har abada. Da yake bai ƙara gishiri ba, ɗan abin da ya ba ni sai ya zauna daram, na iya tsayawa a kansa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga aikin Nafisa. Saurin ba zai ba shi mamaki sosai ba, ya riga ya ga farkonsa. Ina jin abin da zai fara tambaya shi ne wa ke ƙirgawa na biyu. Na kuwa tambaye ta. Ta ce kowane jadawali mutum biyu ke haɗa shi, kowa da nasa umarnin, ba mai leƙa na wani, sai an gama a gwada, in sun saɓa ko da ɗigo ɗaya ne a koma a nemo dalili. Na ce to, har yanzu ana zama a tabarmar. Ta kuma ce ita ba ta ganin sunan kowa, lamba kawai, sau da yawa ma ba ta san wane rukuni ne aka ba wane magani ba sai an kammala komai. Wannan kam na san zai yaba. Zai ce an kyauta wa mai ƙirga, an ɗauke masa abin da shi ba a ɗauke masa ba.

Sai dai ina jin da akwai inda zai yi shiru irin nasa. Nafisa ba ta taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda take ƙirgawa ba, wasunsu ma ba a ƙasar nan suke ba. Ba laifinta ba ne, haka aikin ya zama, kuma akwai hikima a ciki. Shi kuwa Malam kowane layi ya san ƙofar gidajen da ke cikinsa, kuma wannan sanin ne ya ba sauran rayuwarsa alƙibla.

Domin bayan an aika da rahoto, aiki ya ƙare, kowa ya koma harkarsa, shi ya kasa barin layin nan. Ya ce mini, "Yaran nan duk ni na rubuta an sallame su. Ina suka koma?" Ranar da ba aiki sai ya hau kekensa, daga baya babur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tarar bai yi daɗi ba. Wata an cire ta daga makarantar allo an ce ta daina fahimta. Wani ana ce masa taɓaɓɓe. A wata ruga ta wajen Maigatari ya sami yaro mai suna Buba, wanda aka daina tura shi kiwo don ba ya jin kira, yana zaune shi kaɗai a bayan bukka, maganarsa ma ta fara lalacewa. Mahaifinsa ya ce, "Malam, mun gode Allah da ya bar mana shi, amma ba mu san yadda za mu yi da shi ba." Malam ya ce, "Baffa, ni ma ina da irinsa a gida. Ka bar ni in zo da ita su ga juna."

Haka ya fara ɗaukar Uwani a bayan keke, mutumin da a da ko hannunta ba ya riƙewa a waje. Mutane sun yi magana, har wata gwaggonsa ta aiko a gaya masa ya ji kunya. Ya ce a gaya mata ya ji, amma yarinyar da ba ta jin murya dole a taɓa ta, dole a kalle ta ido cikin ido. Su biyu suka ƙirƙiro alamunsu na hannu, na ruwa, na abinci, na salla, na "kin yi ƙarya". Ni ma na koya, amma ban taɓa kamo su ba. Ranar kasuwa iyaye suka fara kawo yaran nan gidanmu su bar su, in an tashi kasuwa su ɗauka. Ina koya musu rubutu a ƙasa da tsinke, shi yana koya musu lissafi da tsakuwa. Da ya ji labarin makarantar kurame a birni, ya yi ta zarya har aka karɓi Uwani da wasu daga cikinsu. Ba duka iyaye suka yarda ba. Mahaifin Buba ya ƙi, ya ce ba zai raba yaro da shanu ba, amma ya mayar da shi kiwo tare da yayansa, ya kuma ci gaba da kawo shi ranar kasuwa.

Bayan wasu shekaru mun ga ana yi wa masu sanƙarau allura a ƙananan ɗakunan shan magani ba sai an kawo su gari ba. Ban san ko jadawalin Malam na cikin abin da ya jawo haka ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce wurare da yawa sun yi irin aikin, nasu ɗaya ne daga ciki, ƙarami ma. Rahoton kansa ban taɓa ganinsa ba. Katunan kuwa an mayar asibiti, na ji daga baya gara ta cinye su.

Uwani ta gama makaranta ta koyi ɗinki, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyar masu ji garau, Nafisa ce ta uku. Malam ya ga biyu daga ciki. Ciwonsa na ajali bai yi tsawo ba. Ranar da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, ƙanena ya shigo ya ce mini akwai wasu baƙi a ƙofar gida, sun cika tabarma biyu, ba wanda ya san su, kuma ba sa amsa gaisuwa. Na leƙa. Yaran nan ne, sun zama magidanta da matan aure. Ban san yadda labari ya kai gare su ba a zamanin da ba waya. Uwani ta fita wurinsu, hannaye suka fara tashi, ana ta magana ba sauti, wasu na share hawaye da bakin riga.

Har yau suna zuwa duk shekara, waɗanda suka rage. Sun yi furfura, wasu da jikoki. In sun taru tsakar gidana cika yake da hira da gardama da dariya, mai wucewa ta waje kuwa zai ɗauka ba kowa a gidan. In an tambaye ni abin da Malam ya bari, ba gida ba ne, wannan ginin ƙasa ne muka yi ta gyara. Ba suna ba ne a wata takarda. Ya bar mutanen nan da suka san juna, ya bar 'yar da ta tashi ba ta taɓa jin ita abin ɓoyewa ba ce, ya kuma bar mini halin da nake jin haushinsa a da, na cewa ban sani ba in ban sani ba.

Da suka zo bana na gaya musu, ta hannun Uwani, cewa zan yi rubutu a kansa, ko akwai mai son a faɗi wani abu. Suka kalli juna. Sai Buba, wanda yanzu dattijo ne mai garke nasa na kansa, ya gyara zama ya ɗaga hannuwansa. Ya yi magana a hankali don ta bi shi. Uwani ta rubuta mini a tafin hannunta da biro, ta nuna mini: "Ya ce kafin Baba ya zo rugarsu, ya ɗauka duniya ce ta yi shiru, kowa ya daina yi masa magana. Ranar da ya gan ni a bayan keke ya san ba shi kaɗai ba ne."

Allah Ya yi wa Malam rahama, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da iyayensa da ƙaninsa cikin aminci. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu cika da kyau.